Kashi 30 Ɗin Nan Amana Ce A Hannun Malaman Kemistiri



A Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta fito da sabuwar manhaja mai suna CCMAS. Ita ta tsara kashi 70 cikin ɗari, sauran kashi 30 ta bar wa kowace jami'a ta cike da abin da ya dace da yankinta. To, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ga fili ga mai doki.

Me ɗalibin kemistiri zai koya a nan? Ga Dam ɗin Zobe kusa da gari, ga rijiyoyin Kurfi da jama'a ke sha. A koya masa ya ɗebo ruwan, ya auna gishirinsa, ya duba ko takin zamani ya tsiyaya ciki. Wannan ba wasa ba ne, don sinadarin naitiret na taki, in ya yi yawa a ruwa, yana cutar da jarirai.

Amma fa matuƙar mafi yawan maki na jarrabawar ƙarshen zango ne, yaro hadda zai yi, ya juye a takarda, ya manta. A kai shi ɗakin gwaji, a miƙa masa ruwan da bai san asalinsa ba, malami na tsaye, ya gano abin da ke ciki. A nan za a ba shi maki mai tsoka.