Lokacin da fim yake bebe



Ranar 28 ga Disamba 1895, wa da ƙane, Auguste da Louis Lumière, suka haska wa 'yan kallo fim a Paris, kowa da kuɗin shigarsa. Motsi zalla, babu murya. Haka aka tafi har 1927.

Gwanin wannan zamani Charlie Chaplin ne, ɗan Landan da ya tashi cikin talauci: ɗan guntun gashin baki, sanda, takalman da suka fi ƙarfin ƙafarsa. A fim ɗinsa The Kid na 1921 ya tsinci jariri a lungu, ya rataya butar kofi, ya sa mata kan roba, yaro ya tsotsa. Manomin gyaɗa da bai taɓa shiga lakwal ba zai yi dariya a nan, ya kuma ji tausayi, ba tare da tafinta ba. Wannan ƙwarewa ce ta gaske.

A nan gida ma, namu mai shirya fim Mustafa Alasan, wanda ya rasu a 2015, da wasan inuwa ya faro kafin ya riƙe kyamara.

Malaman makaranta, ku nemo wa yara finafinan bebe irin na Chaplin su gani.