Jawabin ranar cikar shekarar ƙungiya: doka da kasuwa a bakin gadar Malanville

Iyayenmu dattawan kasuwa, alhazai da hajiyoyi, direbobi, dillalai, 'yan dako, da baƙinmu da suka tsallako daga Gaya da Kamba, sannunku da zuwa. Mun gode wa Allah da ya sake nuna mana wannan rana.

Bana kwamiti ya ce a bar lissafin kuɗin ƙungiya zuwa zaman yamma, a fara da maganar da ke raba kawunanmu a rumfa kullum: shin dokokin da gwamnatoci ke kafawa a kan fatauci gyara suke yi ko ɓarna? A cikinmu akwai masu cewa hukuma ta janye hannunta, kasuwa ta san hanyarta. Akwai masu cewa in babu doka babba zai haɗiye ƙarami. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma mu da ke bakin gada mun ga abin da idonmu.

A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗewa ba sai Disambar 2020. Dalilin da ta bayar shi ne kare manomin shinkafarta daga shinkafar waje da ke sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano. An ƙara gina injinan casa a can, wannan gaskiya ne. Amma farashin abinci ya tashi, kuma shinkafar ba ta daina shiga ba, sai dai ta koma bayan babur cikin dare.

Sai juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, da takunkumin CEDEAO da ya biyo baya. Aka toshe gadar nan. Motoci suka yi layi wata da watanni, kaya suka lalace, direbobi suka cinye guzurinsu suka shiga bashi. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe bisa dalilin tsaro. Kayan da suka saba tasowa daga Kwatano, tafiyar kilomita ɗari bakwai da 'yan kai zuwa nan, suka koma Lome su ratsa Burkina da rakiyar sojoji. Sauran kuma suka koma kwale-kwale a kogin Isa. Buhu ɗaya sai an sauke shi, a ɗora a jirgi, a sake saukewa, a sake lodawa, kowane hannu da ladansa. Duk wannan kuɗi a kan mai sayen mudu yake ƙarewa.

Ta fuskar noma kuma, daga Afrilun 2024 Benin ta hana fitar da ɗanyen waken suya da kashu, don masana'antun Glo-Djigbé su samu abin sarrafawa. A watan Mayu na shekarar ta dakatar da fitar da masara da sauran kayan abinci saboda tsada. A Oktoba Nijar ma ta hana fitar da hatsinta, in ban da zuwa Mali da Burkina.

Mu faɗi gaskiya, ruwa ba ya tsami banza. Shugaban da ya ga mudun masara ya fi ƙarfin talakansa ba zai naɗe hannu ba. Ƙasar da kullum take sayar da ɗanyen kaya ta sayo sarrafaffe ba za ta samar wa 'ya'yanta aiki ba. Mu kanmu muna cin moriyar doka: ita ce ke hana a shigo da jabun magani da gurɓataccen taki, ita ce muke kai ƙara gare ta idan wani ya cinye mana amana.

Amma a duba wanda ke biyan kuɗin. Idan aka hana fitar da masara, masu saye sun ragu, farashi ya faɗi a gona. Mutumin birni ya samu sauƙi bana. Manomin da ya ci bashin taki yana sa ran farashin bara shi ne ya yi asara, kuma baɗi zai rage gonar masara ya shuka wani abu. Shekara ta zagayo, hatsi ya yi ƙaranci, tsadar da aka gudu ta dawo. Haka mai albasa: kayansa ba sa jira, mako biyu a bakin iyaka ya isa ya mayar da jarinsa shara. Gwamnati ma ba ta tsira ba, domin duk buhun da ya bi ta daji bai biya duwan ko dala ba.

Saboda haka ga abin da muke roƙon hukumomi a ɓangarorin kogin biyu. Na ɗaya, dokar da ta shafi amfanin gona a sanar da ita kafin shuka, kada ta zo bayan girbi. Na biyu, duk hani na wucin gadi a sa masa ranar ƙarewa. Na uku, a rubuta kuɗin da doka ta yanka a allo a kowane shinge, a kuma ba da rasit. Na huɗu, a zauna da manoma da fatake kafin a sa hannu, don mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Na biyar, saɓanin shugabanni a bar shi a teburin shugabanni, a bar abinci da magani su wuce.

Mu ma akwai namu laifin. Wanda ya ɓoye hatsi a sito yana jiran yunwa, da mai tauye mudu, da mai rubuta buhu hamsin alhali ɗari ya loda, su ne ke ba hukuma hujjar matsa wa kowa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kwamiti yana ba da shawarar a buɗe littafi a ofis, duk ɗan ƙungiyar da aka tsare masa kaya ko aka karɓi kuɗi ba rasit ya zo a rubuta rana da wuri da adadi. Da wannan littafi za mu je gaban hukuma, kuma za a kaɗa ƙuri'a a kansa bayan sallar la'asar.

Allah ya ba shugabanninmu ikon sasantawa, ya sa albarka a nemanmu, ya mayar da baƙinmu gida lafiya.