Idonmu Jarinmu: Jawabin Ranar Bikin Ƙungiya



Tun da maganar aikin ido da leza ta shigo Dutsi ake tambayarmu: wai da gaske an yi sallama da tabarau?

To, ga yadda abin yake. Hasken leza yana gyara tudun fatar nan mai garai-garai da ke gaban ido, cikin 'yan mintoci. Wadda ba ta hangen nesa takan tashi tana gani tangaran. Amma ba a yi wa mai ciki ko mai shayarwa, ko wadda ba ta kai 18 ba. Kuɗinsa ma ba na adashi ɗaya ba ne.

Mu kuwa yawancinmu mun haura 40. Zaren da ya ƙi shiga allura, tsakuwar da ta ɓuya a shinkafa, wannan aikin shekaru ne, ko an yi leza tabarau na karatu zai dawo. Ki sa abinki, Hajiya, ba tsufa ya kawo miki ba, ɗinki ya dawo miki da shi!

Abin tsoronmu yanar ido ce da hawan jinin ido. Yana ana cire ta a sa ƙwayar roba, kamar yadda ake yi a Asibitin Ido na ECWA a Kano da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Hawan jinin ido kuwa, abin da ya cinye ba ya dawowa. Don Allah kar a kai Inna wurin masu tura yana da allura.

Shawararmu: a ware wani abu daga asusu na kuɗin mota da awon ido, tsofaffinmu su fara tafiya.