Gemu Ba Ya Hana Ilimi: Jawabi Ga Magidanta A Misfala



Yau zan kawo muku labarin wani mabushi. Na san wasu za su ce ina ruwanmu da mai busa a Makka. Hukuncin kiɗa na malamai ne, ba shi ya tara mu ba. Abin da nake so mu duba shi ne yadda mutumin ya haɗa sana'a da karatu.

Sunansa Yusef Lateef, baƙar fatan Amurka. An haife shi a 1920, ya tashi a birnin Detroit. Sana'arsa busa saksofon, wani abin busa na ƙarfe, a kiɗan da ake kira jaz. Yana kuma busa sarewa da obo, wadda ƴar'uwar algaitarmu ce. Tun yana saurayi ya fara cin abinci da ita, har a 1949 ya shiga ƙungiyar Dizzy Gillespie, ɗaya daga cikin manyan wannan kiɗa. A wajen wannan lokacin ya bar sunansa na yanka, William, ta hannun ƴan Ahmadiyya. Kun san matsayin malamanmu a kan aƙidarsu, kuma ba aƙidarsa muka zo ɗauka ba.

Mutumin da ya riga ya yi suna, ana biyansa, sai ya koma aji. Ya sami digirin farko a makarantar kiɗa ta Manhattan a 1969, yana dab da shekara 50. A 1970 ya ƙara na biyu a fannin koyarwa. A 1975 Jami'ar Massachusetts ta ba shi digirin dokta, kuma bincikensa a kan kwatanta ilimin Turawa da ilimin Musulunci ya yi shi.

To me karatun ya tsinana masa? A can, yawancin wuraren da ake biyan masu irin wannan busa gidajen giya ne. Wajen 1980 ya ce ya daina wasa a irin waɗannan wurare. Jama'a, wanda hanyar abincinsa ɗaya ce tak, da wuya ya iya faɗar haka. Shi yana da wata ƙofar, domin ya riga ya zama malamin makaranta.

Daga 1981 zuwa 1985 yana Zariya, a Cibiyar Nazarin Al'adu ta Jami'ar Ahmadu Bello. Dattijo mai shekara 60, da digiri 3 a hannu, ya zauna yana nazarin sarewar Fulani makiyaya. Shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi a kan wasanni da kaɗe-kaɗen Hausawa, ya fito a 1987. Daga baya ya koma Amurka ya ci gaba da koyarwa, ya rasu a 2013 yana da shekara 93.

Yanzu mu dawo gida. A nan Misfala, da ƙafa muke zuwa Harami, kuma samarinmu suna samu a lokacin Hajji da Umrar azumi: wannan ɗinki, wancan tuƙi, wani tsaron shago. Alhazai na watsewa, kasuwa ta kwanta. Yaron da ya saba riƙe riyal yana shekara 15, makaranta ba ta ƙara burge shi. Ranar da mai gida ya sa shi abin da bai dace ba, ko ƙarfinsa ya ƙare, ina zai nufa?

Don haka ina roƙonmu abu uku. Na farko, duk yaron da muka kai wajen koyon sana'a, a yi sharaɗi da ubangidansa cewa lokacin karatu na karatu ne. Na biyu, magidancin da ya ajiye littafi tun da daɗewa ya ɗauka, ko da awa ɗaya ce bayan Isha. Ɗan da ya ga babansa da littafi ba ya buƙatar bulala. Na uku, iyaye mata, ku riƙa yi wa yara Hausa a gida. Baƙo ya ƙetare teku don ya koyi abin da ke garuruwan kakanninsu, kada su tashi ba su iya gaida kakarsu ta waya ba.

Wanda kuɗin littafi ko na makaranta ya gagare shi, kada kunya ta hana shi sanar da dattawa bayan an tashi. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ilimi mai amfani.