Shafin da ka gina, naka ne ko na Alhaji?

Na gode wa waɗanda suka shirya wanga zama, da wanda ya ranto mana injin wuta.

An ce in yi magana kan tambayar da kuke yawan turo mini: in ɗan kasuwa ya ce in gina masa shafin intanet, wace manhaja zan ɗauka, WordPress ko Wix ko Shopify? Zan amsa. Amma bari in fara da kunyar da na sha, don daga nan na koyi aikin.

A farkon 2023 wani Alhaji mai fataucin albasa ya neme ni. Yana saye a Tamaske da Galmi, yana lodi zuwa Abijan da Ghana. Ɗansa ne ya zuga shi, ya ce ai manyan ƴan kasuwa duk suna da shafi. Na hau wani kamfani na waje da ake biya wata-wata, cikin kwana biyu na gama. Ya yi kyau ƙwarai, ba yabon kai ba. Alhaji ya ba ni jikka 150, ya sa aka rubuta adireshin a ƙofar motarsa da kan katunan da yake raba wa masu saye. Abin da ban faɗa masa ba shi ne, ni ba ni da katin banki. Da katin taubashina da ke ci-rani a Abijan nake biya. Imel ɗin da na buɗe aikin da shi kuma, na buɗe shi ne a gaggauce, ban sake leƙa shi ba.

Shekara ta zagayo. Katin ya ƙare aiki, taubashi ya canza lamba ya wuce Libiya. Kamfanin ya yi ta aiko da gargaɗi a akwatin da ba mai dubawa. Shafi ya rufe, sunan ma ya kuɓuce. Ranar da Alhaji ya kira ni, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaro, ina shagon da ka gina mini? Wani mai saye daga Kumasi ya duba bai ga komai ba, ya ɗauka na karye." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Kamfanin bai cuce ni ba, abin da ya rubuta a sharuɗɗansa shi ya aikata. Ni ne na zaɓi manhaja don kyanta, ban tambayi kaina wa zai biya ta ba, da wane kuɗi, kuma har yaushe.

To wagga ita ce tambaya ta farko. Kuɗin ɗan kasuwar Tahoua ta Nita suke bi, ko Amana, ko Al Izza, ko Airtel Money, ko hannu da hannu. Manhajojin waje kuwa katin Visa ko Mastercard suke nema, a dala ko yuro. Yuro dai mun san shi, sefa 655,957 ne ba ya motsi, amma dala tana hawa tana sauka. Kuma duk mun ga abin da ya biyo bayan 26 ga Yuli 2023: takunkumin CEDEAO, Najeriya ta yanke mana wuta, harkar banki ta cushe, har zuwa Fabrairun 2024 da aka ɗage. Wanda shafinsa ke rataye da biyan wata-wata a waje ya san yadda ya kwana a watannin nan.

Abu na biyu zai ɓata wa wasu rai. Mafi yawan masu zuwa wajenmu ba shafi suke buƙata ba. Mai ɗinki, mai kilishi, Hajiya mai turaren wuta, duk masu sayensu suna cikin WhatsApp tun da can. WhatsApp Business kyauta ne, tun 2019 yana da wurin jera kaya da hoto da farashi. Abin da ya fi haka ma, ana ciniki da murya. Mutumin Barmu da bai yi lakwal ba zai danna ya ce "nawa ne wanga?" ya ji amsa da Hausa ko Tamajaƙ. Shafi mai cike da Faransanci ba zai yi masa haka ba. Mai masaukin baƙi ko mai shagon magani, sa shi a taswirar Google da lambar da ake ɗauka, ka gama masa rabin aiki. Na san in ka faɗi haka ka rasa jikka 100 a ranar. Ni na sha faɗa, kuma waɗannan mutanen ne suka riƙa turo mini manyan ayyuka daga baya.

Sai dai kada ku ce na ce a dogara da kyauta. Google ta taɓa ba ƙananan ƴan kasuwa shafi kyauta, a Maris 2024 ta rufe su baki ɗaya. Shafin Facebook ana iya toshe shi, layin waya yana ɓata. Ku ce wa Hajiya ta sayi littafi na dala hamsin ta rubuta lambobin masu sayenta.

Su wa ke buƙatar shafi da gaske? Wanda mai sayensa yake nesa kuma bai san shi ba. Maƙerin azurfa mai ƙera sarƙar nan da Turawa ke kira da sunan Tahoua, wanda masu yawon buɗe ido suka daina zuwa ƙofarsa, dole ya je inda suke. Ƙungiyar manoman albasa mai neman babban mai saye. Makarantar kuɗi. Ɗan kwangila da yake son imel mai ɗauke da sunan kamfaninsa.

Ga irin waɗannan, ni WordPress nake ɗauka, kuma ba don ya fi sauƙi ba. Tun 2003 yake, ba a biyan kuɗin manhajar kanta, kuma sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kansa suke. Amfaninsa gare mu shi ne ana iya tattara shi a ƙaura. In mai ajiye maka shafi ya tsawwala, ka kwashe kayanka ka koma wani. In ni na tafi ci-rani gobe, kuma mu Adarawa mun san ba abin mamaki ba ne, wani yaro a nan ko a Yamai zai iya ci gaba da aikin don ya san manhajar. Laifinsa kuma yana nan: yana son kulawa. In ka bar shi ba sabuntawa, ka liƙa masa ƙarin kaya ashirin da ka tsinto kyauta, ɓarayin intanet za su shiga su mai da shi allon tallar caca.

Wix ya fi daɗin aiki, da yamma ɗaya ka fitar da abu mai kyau. Amma abin da ka gina a can ba ya ɗaukuwa zuwa wani wuri, kamar ka yi ginin siminti a filin haya. In mai aikin yana da katinsa na kansa kuma ya gane haka ya yarda, ba laifi. Shopify kuwa an yi shi ne don inda ake biya da kati, a kai kaya har ƙofa. Tsarin karɓar kuɗinsa na kansa ba ya aiki a Nijar. Namu mai saye ta Nita zai turo, kaya su bi motar Rimbo, ya je tasha ya karɓa. Mi zai sa ka biya hayar abin da ba za ka taɓa amfani da shi ba?

Akwai kuma wanda ake rainawa, wanda ni na fi so yanzu: shafi ɗaya tal da aka rubuta da hannu. Sunan mai kaya, hoto biyar, inda yake, da wurin dannawa ya kai ka WhatsApp. Ba abin sabuntawa, ba ƙofar da ɓarawo zai bi. Ko wanne kuka ɗauka, kada ku gwada shi a kwamfutarku kusa da wifi. Ku ari ƙaramar Itel, ku gwada a hanyar Abalak inda rezo ke sanda ɗaya. Hoton salula ɗaya yakan kai mega 3 ko 4. Ka sa goma, ka cinye wa mutum mega 40 kafin ya ga farashi. Ku matse kowane hoto ya koma ƙasa da kilo 200.

Saura maganar suna. Ko .com ne ko .ne namu na Nijar, a yi rajistarsa da sunan mai kaya, da imel ɗinsa, da lambarsa. Na san akwai waɗanda ke riƙe kalmar sirri da gangan don mutum ya dinga dawowa wajensu. Muna ta maganar ɗiyauci a tarukanmu, sannan mu koma mu ɗaure dattijo da kalmar sirri saboda bai iya karatun boko ba? Wannan garkuwa ce, ba sana'a ba. Ni yanzu kafin in taɓa komai sai na faɗa wa mutum abin da zai riƙa biya kowace shekara. In na gama, in rubuta masa a takarda: imel, kalmar sirri, ranar sabuntawa, da kuɗin. Kwafi biyu, ɗaya gare shi, ɗaya ga wanda ya yarda da shi a gida.

Alhaji kuwa, tsohon sunan wani ya riga ya saye, sai muka ɗauki sabo. Ni na biya mai fenti ya sake rubuta ƙofar mota. Shafinsa yanzu ɗaya ne tal, kuma ɗiyarsa da ke karatu a Jami'ar Djibo Hamani ita ke canza farashin buhu duk ranar Lahadi bayan an tashi kasuwa. Takardar tana cikin akwatin da yake ajiye takardun mota.

Waɗanda suka zo da kwamfuta su matso gaba. Bayan la'asar za mu matse hotuna tare, in mai ya kai mu.