Tsirran Kan Dutse

Irin dutsen da ke wuri shi ke zaɓen tsiron da zai rayu a wurin. A kan manyan duwatsu kamar Zuma, kusa da Suleja, ruwan sama ba ya zama, gangarewa yake yi. Duk da haka akwai wata ciyawa da ke shimfiɗuwa a kansu kamar tabarma. Da rani takan bushe ƙayau har a ɗauka ta mutu, amma da saukar ruwan fari sai ta farfaɗo cikin 'yan kwanaki. Ƙurar da saiwoyinta ke tarawa ita ce ƙasar da furannin daji ke kafuwa a ciki. Ana roƙon mafarauta da masu fasa dutse su kula, domin tabarmar da aka ɗaye takan yi shekaru ba ta dawo ba.