Amsoshin Wasiƙunku: Shingen Ƙaramin Jirgin Ruwa

Wani bawan Allah daga Yawuri ya rubuto cewa ɗansa na sassaƙa ƙananan jiragen ruwa na ado, amma shingen bakin jirgin kan zarce tsawo ya karkace, sai masu saye su taya da arha.

To Malam, a fara da awo. Yarjejeniyar jiragen ruwa ta duniya ta 1966 ta ce kada shingen ya gaza mita 1. In an rage girman jirgi sau 100, shingensa santimita 1 ke nan. Yaro ya huda ramuka da allura, tazarar santimita 1 da rabi, ya kafa sandunan waya da ɗigon gam. Sai sun bushe sarai zai ɗaura siririyar waya a kansu.

Allah ya ba da kasuwa.